BDNF da VEGF sun daina aiki a hannuna: laifin furotin ne ko na ajiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu, ina renon ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da kuma ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini. Mun sayi BDNF da FGF2 da VEGF na bincike. A makonnin farko ƙwayoyin sun amsa sosai, amma yanzu ko na ninka adadin ba na ganin komai. Ga shi kuma kamfanoni na sayar da iri biyu, wanda aka yi a bakteriya da wanda aka yi a ƙwayoyin dabba, na biyun ya fi tsada. Laifin furotin ne ko laifina? Kuma wanne zan saya nan gaba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyi biyu kika yi a haɗe: me ya kashe ƙarfin abin da ke hannunki, da kuma me za ki duba kafin ki sake saye. Tunda furotin ɗin ya yi aiki da farko, da wuya a ce daga kamfani ya zo a lalace. Zato ya fi ƙarfi a kan abin da ya faru bayan an buɗe kwalbar, ko kuma a kan ƙwayoyin da kike reno su kansu. Abin da ya kamata ki riƙe tun daga nan shi ne, lambar da ke jikin kwalba nauyi take faɗa, ba ƙarfi ba. Maikirogiram 10 na furotin da ya warware ko ya dunƙule yana nan maikirogiram 10 a ma'auni, amma ƙwayar halitta ba ta san da zamansa ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Waɗannan furotin saƙonni ne da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna: ki rayu, ki rabu biyu, ki miƙa reshe, ki zama abu kaza. Kowanne yana da makarɓinsa a fatar ƙwayar da aka aika wa. NGF na kama TrkA, BDNF na kama TrkB, NT-3 ya fi son TrkC, GDNF kuma sai ya bi ta GFRα1 kafin ya tayar da RET. A ɓangaren jini, yawancin aikin VEGF ta VEGFR2 yake bi.

Da can daga jikin dabba ake tatso su. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen, waɗanda aikinsu kan NGF da EGF ya ba su kyautar Nobel a 1986, sun sami NGF mai yawa a cikin ƙullin yawun namijin ɓera. BDNF ya fi haka wahala: a 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen sun sami kimanin maikirogiram 1 kacal daga kilo 1.5 na ƙwaƙwalwar alade. Yau ana ɗaukar ƙwayar gadon furotin ɗin a dasa ta cikin wata halittar da ke yaɗuwa da sauri, ita ta riƙa ƙera shi, a tace, a busar cikin sanyi ya koma gari. Halittar nan ko dai bakteriyar E. coli ce, ko ƙwayoyin CHO na wani jinsin ɓera, ko HEK293 na ɗan Adam, wani lokaci ƙwayoyin ƙwari. Nan ne bambancin farashin da kika gani ya samo asali.

Na bakteriya ko na ƙwayoyin dabba

Bakteriya na jera amino asid daidai, amma akwai abu biyu da ba ta iya yi kamar ƙwayar dabba. Ba ta ɗaura wa furotin sarƙoƙin sukari, kuma cikinta ba wurin ƙulla mahaɗan salfa ba ne, waɗanda ke riƙe furotin a siffarsa. Saboda haka furotin mai mahaɗan salfa da yawa yakan taru a cikinta a dunƙule, sai kamfani ya narkar da shi ya sake naɗe shi da dabara. Idan naɗin ya yi kyau, furotin ya yi aiki. Idan rabi ne ya naɗu, rabin nauyin da kika saya ba shi da amfani.

To FGF2 ba ruwansa da wannan matsala. Ba ya ɗauke da sukari, ba ya buƙatar mahaɗan salfa don ya tsaya, don haka na bakteriya ya wadatar, kuma biyan kuɗin na ƙwayoyin dabba a kansa asara ce kawai. EGF ma haka, ƙarami ne mai amino asid 53, bakteriya na yin sa lafiya lau. BDNF da NGF da GDNF da VEGF suna aiki ne bibbiyu a manne, kuma kowannensu na da ƙulli na mahaɗan salfa a tsakiya, amma an daɗe da ƙwarewa wajen naɗe su, kuma na bakteriya daga kamfani mai kula yana aiki. Har maganin ido na cenegermin, wanda NGF ne da aka amince da shi a Turai a 2017 da Amurka a 2018, a E. coli ake yin sa. VEGF na jiki yana da sukari, amma sukarin ba sharaɗi ba ne wajen tayar da makarɓi a faranti. Inda na fi karkata ga na ƙwayoyin dabba shi ne dangin TGF-β, wato TGF-β1 da Activin A da BMP4, domin naɗinsu ya fi wuya kuma ƙaramin bambanci a ƙarfinsu na sauya sakamako. Haka kuma idan za a yi wa dabba allura, inda sukarin kan shafi tsawon zaman furotin a jini.

Hatsarin na bakteriya da ya fi damun aikinki shi ne endotoksin, gubar da ke fatar E. coli. Ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar jini da ƙwayoyin maikirogiliya na ƙwaƙwalwa suna jin ta nan take ta makarɓin TLR4, su shiga halin kumburi, ke kuma ki rubuta cewa aikin furotin ne. Ki duba takardar rukunin da aka aiko miki. Yawancin kamfanoni na cewa ƙasa da EU 1 (EU shi ne ma'aunin endotoksin) a kowane maikirogiram. Ga irin ƙwayoyinki ki nemi ƙasa da 0.1. Akwai gwaji mai sauƙi kuma: ki tafasa ɗan kaso na furotin ɗin ki zuba wa ƙwayoyin. Tafasa na kashe furotin amma ba ta taɓa endotoksin, saboda haka duk tasirin da ya rage bayan tafasa abin zargi ne.

Sauran abin dubawa a takardar su ne tsabta, wadda ya kamata ta kai kashi 95 cikin 100 ko fiye, da ED50, wato adadin da ke ba da rabin cikakken tasiri a gwajin kamfanin. Ƙaramin ED50 na nufin ƙarfi. Sai dai kada ki gwada ED50 na kamfani ɗaya da na wani sai idan a irin ƙwaya ɗaya suka auna. Ki kuma duba siffar da aka sayar miki. VEGF121 da VEGF165 ba abu ɗaya ba ne: na 165 yana kama hefarin (wata sarƙar sukari) da neuropilin-1 (wani makarɓi mai taimakawa), shi ne aka fi amfani da shi, na 121 kuwa ba ya kama hefarin, yawo yake a ruwa. BDNF ma akwai balagagge mai amino asid 119, akwai proBDNF da ba a yanke ba, wanda ya fi son makarɓin p75 kuma yana iya tura ƙwayar jijiya ga mutuwa. Batun jinsi ba ya tasowa a BDNF, domin balagaggen na mutum da na ɓera jerinsu ɗaya ne, amma kada ki mayar da wannan doka ga kowa: LIF, wani furotin saƙo irin waɗannan, na ɓera, misali, ba ya aiki a ƙwayoyin mutum.

Inda ƙarfi ke zurarewa

Nan ne nake ganin matsalarki take, don haka zan ɗan daɗe.

Kafin ki buɗe murfi, ki sa kwalbar a santirifuj, na'urar da ke juya bututu da sauri don abin ciki ya sauka ƙasa, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Maikirogiram 10 abu ne da ido ba ya gani sosai, kuma a hanya garin kan maƙale a murfi. Wanda ya buɗe ba tare da ya juya ba yana iya zubar da rabin kayansa bai sani ba. Sannan ki narkar da ruwan da takardar ta ce, ba wanda ke kusa da hannu ba. BDNF da VEGF da FGF2 galibi ruwa mai tsabta ne ko PBS (ruwan gishiri mai fosfet), gwargwadon yadda kamfanin ya busar da su. TGF-β1 da BMP4 kuwa sukan buƙaci ruwa mai ɗan tsami, HCl mai ƙarfin milimola 4, domin a PBS kai tsaye suna dunƙulewa. Ki zuba ruwan a hankali ta gefen kwalba, ki bar ta minti 10 zuwa 15, ki ɗan ja ki saki da fifet. Kada ki sa a na'urar girgiza. Kumfa na warware furotin.

Kaurin ajiya ya zama maikirogiram 100 a mililita ko sama. Dalili shi ne furotin na manne wa roba da gilashi. Kamar sabuwar randa ce da ke shanye ruwan farko da aka zuba mata: idan ruwan da yawa ba a lura, idan ɗan kaɗan ne sai a tarar da ita a bushe. A kauri mai yawa abin da bango ya sha bai taka kara ya karya ba, amma a ruwa mai nanogiram kaɗan bangon bututu da bakin fifet na iya cinye mafi yawansa. BDNF ya yi ƙaurin suna a nan, saboda cajinsa yana sa shi manne wa kusan komai. Maganin shi ne furotin ɗin rakiya, wato BSA (furotin da ake cirowa daga jinin shanu) kashi 0.1 cikin 100, wanda zai rufe bangon ya bar naki a ruwa. Wasu kwalaben sukan zo da BSA a ciki, wasu babu. Wanda babu ana sayensa ne don allurar dabba ko don aikin da BSA zai gurɓata, kuma shi ya fi saurin ɓacewa. Idan irin sa kika saya, kika narkar da shi ba rakiya, kika ajiye a tsinke, to ga amsarki nan. Ki tabbata BSA ɗin ma mai ƙarancin endotoksin ne. Idan dole ki tace, ki sa BSA tukuna, ki yi amfani da matacin maikiromita 0.22 mai ƙarancin kama furotin, irin wanda aka yi da robar PES.

Da zarar ya narke, ki raba shi kashi-kashi a ƙananan bututu masu ƙarancin mannewa, kowanne daidai amfani ɗaya. Ga lissafin a aikace. Kwalba mai maikirogiram 10, a zuba maikirolita 100, an sami maikirogiram 100 a mililita. Idan kina son nanogiram 20 a mililita, tsinkawar 1 cikin 5,000 ke nan: maikirolita 10 ya ishi mililita 50 na ruwan reno. Kwalbar gaba ɗaya za ta yi mililita 500. Saboda haka kashi 10 masu maikirolita 10 za ki yi, ki rubuta suna da kauri da lambar rukuni da kwanan wata a kan kowanne. Kada kason ya gaza maikirolita 10, domin ƙasa da haka yana bushewa a firiza.

Ajiya mai tsawo a digiri 80 ƙasa da sifili, ko 20 ƙasa da sifili na 'yan watanni. Kason da kika fito da shi ya zauna a firji, digiri 2 zuwa 8, ki ƙarar da shi cikin kamar mako guda, kada ya koma firiza. Kowace daskarewa da narkewa tana rage ƙarfi, kuma bututu ɗaya da ake fitarwa duk ranar canjin ruwa shi ne labarin da ya fi dacewa da "da farko ya yi, yanzu ya daina". Ki duba irin firizar ma. Wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta tana ɗumama ta huce sau da yawa a rana, wato tana yi wa furotin ɗinki abin da aka hana ki yi. Ƙofar firiza ma ba wurin ajiya ba ce, can ciki za ki kai.

FGF2 yana da nasa hali. A digiri 37 yana rasa yawancin ƙarfinsa cikin sa'o'i, ba kwanaki ba. Wanda ya haɗa babbar kwalbar ruwan reno da FGF2 a ciki, yana ɗumama ta dukanta kowace rana, to kafin mako ya zagayo ruwa kawai yake zubawa. Ki ɗebi abin da za ki yi amfani da shi yau, shi kaɗai za ki ɗumama, ki sa FGF2 a ƙarshe. Hefarin, kimanin maikirogiram 2 a mililita, yana taimaka masa ya daɗe, kuma akwai nau'o'in FGF2 da aka sauya wa wasu amino asid don su jure zafi. Suna da amfani, amma tunda suna daɗewa a faranti, sai an sake gwada adadin.

Wataƙila ƙwayoyin ne suka canza

Ninka adadi da kika yi bai taimaka ba, kuma wannan ma alama ce. Nanogiram 20 na BDNF a mililita bai kai nanomola 1 ba, amma ya riga ya isa ya cika yawancin makarɓa. Idan ƙwaya ba ta da makarɓin, ko ta janye shi, ƙari ba ya yin komai. Ƙwayar da ta daɗe cikin BDNF mai yawa takan rage TrkB nata. Ƙwayoyin SH-SY5Y, wani layin ƙwayoyin jijiya na mutum da ake reno a faranti, ba sa nuna TrkB sosai sai an fara bi da su da retinoyik asid na kwanaki. PC12, wani layin ƙwayoyi na ɓera, suna amsa NGF, su miƙa rassa a nanogiram 50 a mililita, amma ba su da TrkB, don haka BDNF ba ya motsa su. HUVEC, ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar jinin cibiya da aka fi gwada VEGF da su, suna tsufa a faranti. Bayan an dasa su sau 6 zuwa 8 amsarsu kan ragu. Idan makonnin da kika ambata sun yi daidai da ƙaruwar dashe, ki fito da sabon kaso daga ajiya. Ki kuma yi gwajin maikofilasma, wani ɗan ƙanƙanin bakteriya da ke shiga ruwan reno, domin ba ya gurɓata ruwa a gani, amma yana rikita amsar ƙwaya.

Sai ruwan renon. Siram, ruwan jinin dabba da ake ƙara wa ruwan reno, cike yake da irin waɗannan furotin, kuma cikakken ruwan renon HUVEC ya riga ya ƙunshi FGF2 da EGF, wani har da VEGF. A cikin irin wannan ruwa ba za ki ga bambanci ba, domin ƙwayoyin sun ƙoshi. Ki rage siram zuwa kashi 0.5 ko 1 cikin 100, ki cire ƙarin furotin na sa'o'i 4 zuwa 6, sannan ki gwada. Sabon rukunin siram ko na Matrigel, shimfiɗar furotin da ake shafa wa faranti, ma na iya sauya komai a dare ɗaya. Shi ya sa ake da Matrigel da aka rage wa waɗannan furotin.

Gwajin kwana ɗaya da zai raba gardama

Kada ki jira mako biyu kina ƙirga rassan jijiya. Ki shuka faranti mai rijiya 6, ki rage musu siram kamar yadda na ce, ki raba: rijiyar da aka sa wa ruwan narkarwa da BSA kawai, ta tsohon kasonki, ta sabon kaso da ba a taɓa narkarwa ba ko sabuwar kwalba, da ta wanda aka tafasa. Bayan minti 10 ki ɗora farantin kan ƙanƙara, ki fasa ƙwayoyin da ruwan da ke ɗauke da masu hana cire fosfet, ki yi Western, gwajin da ke nuna furotin a matsayin layi mai duhu, ki nemi ERK mai fosfet, wato furotin na cikin ƙwaya da ke ɗaukar fosfet idan saƙo ya iso. Ga BDNF ki ƙara da TrkB mai fosfet, ga VEGF kuma VEGFR2 mai fosfet, wanda ke tashi cikin minti 5. Idan sabo ya ba da layi mai duhu tsoho bai bayar ba, ajiya ce. Idan duka biyun ba su bayar ba, ƙwayoyin ne. Idan rijiyar BSA ma ta yi duhu, ba ki hana su abinci yadda ya kamata ba.

Adadin farawa

Ga ƙwayoyin tushe na jijiya, wato waɗanda ba su riga sun zama wani iri takamaimai ba, EGF da FGF2 nanogiram 20 kowanne a mililita. Ga balagar da ƙwayoyin jijiya, BDNF da GDNF 10 zuwa 20. VEGF165 a kan HUVEC, 10 zuwa 50. Idan aikinki ya kai ga mayar da ƙwayoyin tushe na mutum su zama tsokar zuciya, wata sananniyar hanya ta 2007 tana ba da Activin A 100 na kwana ɗaya, sai BMP4 10 na kwana 4. A wannan aikin ne bambancin rukuni ya fi cizo, domin rabon Activin da BMP4 shi ke yanke wa ƙwaya makoma, kuma kowane layin ƙwayoyi da nasa rabon. Shi ya sa da yawa suka koma ga ƙananan sinadarai, CHIR99021 sannan mai toshe hanyar saƙon Wnt irin IWP2, waɗanda ba sa lalacewa kamar furotin. Waɗannan lambobi mafari ne. Daga nan, ba tare da na ga takardar rukuninki da irin ƙwayoyinki ba, ba zan iya yanke miki adadi ba. Ki yi jerin kauri 5 ko 6, kowanne ninki 3 na wanda ya gabata, ki zaɓi mafi ƙanƙanta da ya ba da cikakken tasiri.

Abu ɗaya kuma don rubutun kundinki: tasiri a faranti ba alkawarin magani ba ne. BDNF bai yi nasara ba a babban gwajin cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsi, da aka buga a 1999, GDNF ya kasa cika burin gwaje-gwajensa a cutar Parkinson, haka FGF2 a gwajin FIRST na 2002 da VEGF a gwajin VIVA na 2003 ba su cimma babban abin da aka auna ba ga masu ciwon jijiyoyin zuciya. Furotin ɗin na da ɗan gajeren zama a jini, ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da kyau, kuma VEGF na sa matsin jini ya faɗi ƙasa, ya sa jijiyoyin jini yoyo. Kwalaben da kike saye ma na bincike ne kawai, ba a yi su don jikin mutum ba.

Ga sayen gaba: FGF2 da BDNF da VEGF165 na bakteriya sun ishe ki, mai BSA a ciki, mai endotoksin ƙasa da 0.1, daga kamfanin da ke ba da ED50 na ainihin rukunin da zai aiko. Idan aikin zai ɗauki watanni, ki nemi su ba ki duka daga rukuni ɗaya, ki bar kwalaben da ba ki buɗe ba a bushe a firiza, domin garin ya fi narkakken daɗewa nesa ba kusa ba. Ranar da dole ki canza rukuni, ki ajiye kaso 2 na tsohon ki gwada su gefe da gefe da sabon a faranti ɗaya kafin ki ci gaba.